Wasiƙa daga Agege, farkon 2021: yadda 'yan nazare suka koma aji

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara, da Inna. Mu nan lafiya lau, sai tsadar kaya. Saƙon muryarki ya iso, amma tambayar ta fi ƙarfin amsar minti biyu a WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuto. Kin ce malaman jardan ɗinku (wato nazare) na Maradi suna ta gardama, wasu na cewa ai a Legas an mayar da ƙananan yara aji da kayan zamani, ku kuwa sai sabulu da buta. To ga abin da na gani ta kan 'yata, takwararki.

Da farko ki sani kun riga mu komawa da nisa. An rufe makarantu a nan saboda cutar korona ranar 23 ga Maris 2020, kusan lokaci ɗaya da ku, amma ku kun koma lakwal tun farkon Yuni. Mu kuwa Buhari ya sa dokar kulle daga daren 30 ga Maris, ba a fara sassautawa ba sai 4 ga Mayu. A Agusta aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare saboda jarrabawar WAEC. Ranar 21 ga Satumba aka fara buɗe firamare da sakandare, amma gwamna Sanwo-Olu ya ce 'yan nazare da na gidajen reno su dakata tukuna. Sai 19 ga Oktoba aka ce su ma su fito. Mun guge riga, mun sayi sabon takalmi don tsohon ya matse ta, washegari zanga-zangar EndSARS ta rikice, aka sa dokar hana fita, aka sake rufe komai har 2 ga Nuwamba. Kafin su saba sai hutun ƙarshen shekara, cutar kuma ta sake tasowa, aka koma 18 ga Janairun 2021. Ki lissafa: wata bakwai cur yarinya 'yar shekara huɗu tana zaune a gida.

Ban ce hukuma ba ta da dalili ba. A nan aka fara samun cutar a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairun 2020, a jikin wani Bature ɗan Italiya, kuma har yau Legas ce ke kan gaba a yawan masu ita. Sai dai wanda ya tsara rufewar, ina jin gidan da ya hango ba irin namu ba ne. Ba ki taɓa zuwa ba, amma na sha ba ki labarin gidan: dogon lungu ɗaya, ɗakuna jere suna kallon juna, kowane ɗaki da iyalinsa, bayan gida da wurin girki na tarayya. Yaran da aka hana haɗuwa a aji, a wannan lungun suka wuni tare safe da yamma, Hausawa da Yarbawa da Inyamurai, suna shan ruwa a kofi ɗaya. Karatun kawai aka raba su da shi.

Gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin, kuma sun taimaki manyan yara. Ɗan nazare fa? Makarantarsu ta buɗe zauren iyaye a WhatsApp, malama tana turo bidiyon waƙa da ƙirge. Ki sayi data, ki jira a kawo wuta ki yi caji, sannan ki kamo yarinya ki zaunar. Minti kaɗan ta zille. Wayar ma ta babanta ce, shi kuwa tun asuba yana kasuwar Mile 12 wurin albasa. Da ta koma aji, Turancin da ta fara tsinta ya gudu, Yarbancinta kuwa ya yi kauri har ni nake tambayarta fassara a kasuwa.

Yanzu kaya, tunda su kuka fi tambaya. Gaskiya nan ba a rasa komai. Takardar da makaranta ta aiko ta ƙunshi takunkumi biyu, garkuwar fuska ta roba, kwalbar sanitaiza, sabulun ruwa, tishu da gorar ruwa mai suna a jiki. Duk na same su a kasuwar Agege a fita ɗaya, masu sari kuma Idumota suke zuwa. Tun da aka wajabta takunkumi a ƙarshen Afrilun bara teloli suka samu kasuwa, har akwai mai ɗinka shi da yadin rigar makaranta don su dace. Kyau kam akwai kyau. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun faɗa tun Agusta cewa bai kamata a tilasta wa ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sa takunkumi ba, kuma duk uwa ta san dalili. Takwararki takan fita da shuɗi ta dawo da ja, wai sun yi musaya da ƙawarta. Garkuwar robar ba ta yi sati ba ta tsage.

A bakin ƙofa akwai mai gadi da bindigar auna zafi, yana ɗora wa kowane yaro a goshi. Ita ce abin da iyaye suka fi yabawa, ni kuma ita na fi raina wa amfani. Zazzaɓin da take kamawa yawanci na cizon sauro ne, a mayar da yaro gida, uwa ta nufi kemis. A farkon 2021 gwajin cutar kansa kyauta ake yi a cibiyoyin gwamnati, amma ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun sa shi naira 50,400, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar a lokacin naira 30,000. Wa zai kai ɗan nazare wannan gwaji don ya yi atishawa?

Abin da ya fi aiki shi ne mafi arha: bokitin roba mai famfo a gindi, a ɗora kan kujera, a sa roba a ƙasa tana tarar ruwan. A nan ne fa Legas ta ba ni mamaki. Gari ne da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ga teku ga tafki ga damina mai tsawo, amma ruwan famfon gwamnati bai kai yawancin gidaje ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya saya. Su wa ke sayarwa? 'Yan uwanmu 'yan ga-ruwa, da yawansu daga Tawa da Damagaram da ƙauyukan Maradi, suna tura kura cike da jarkoki. Wanda ke kai wa makarantar su takwararki ɗan wajen Tasawa ne, mukan gaisa. Ranar da babu wuta injin burtsatse bai tashi ba, jarka ta yi tsada, sai ki ga bokitin a ƙofa fes da shi amma ba ɗigo a ciki. Idan famfon lakwal ɗinku yana zuba ko da safe kaɗai ne, kada ki bari kowa ya ce miki an fi ku.

Haka batun fili. Makarantun kuɗi na unguwa irin tamu gidajen haya ne aka mayar makaranta: falo ya zama aji, ɗakin kwana ya zama aji, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci. An ce a raba kujeru, to ina za a raba su zuwa? Wasu makarantu sun kasa yara gida biyu, na safe da na rana, wasu kuma yau da gobe. Na tuna filin jardan ɗinku da inuwar bedi, inda za ki iya fito da tabarmi ki yi darasin duka a waje. Nan mai kuɗi kaɗai ke sayen irin wannan iskar, a can Lekki ko Ikeja.

Za ki ce me ya hana mu kai ta ta gwamnati. Akwai su, kuma ba a biyan kuɗin makaranta, wasu ma da ajin share fage na ƙanana. Sai dai firamaren gwamnati a jihar duka sun ɗan haura dubu ɗaya ne, masu zaman kansu kuwa sun wuce dubu goma, ki ga inda yawancin yara suke. Ta kusa da mu ajin ya cika ya batse, kin san in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ga kuma tsallaka titi, ga aikin gadar Pen Cinema da ya hargitsa hanya a farkon 2021.

Amma abin da ya fi ci mini rai, Yaya, malamai ne. Ke albashinki na gwamnati bai tsaya ba da aka rufe. Nan malamar makarantar kuɗi daga kuɗin zango ake biyanta, ba zango ba albashi. Wata bakwai. Malamar su takwararki ta bara, wata Bayarabiya mai haƙuri wadda ta koyi "zo nan" da "yi shiru" da "kin ci abinci?" saboda yaranmu, yanzu tana zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS tana cire wa mutane kuɗi. Na same ta na roƙe ta, ta yi dariya ta ce a nan kullum tana komawa gida da wani abu a hannu. Wadda ta maye gurbinta yarinya ce da ba ta daɗe da gama sakandare ba. Tana ƙoƙari, amma ranar farko yara suna kuka ita ma kamar ta yi. Ɗan shekara huɗu da ya yi wata bakwai a gindin uwarsa, wanda zai karɓe shi a ƙofa ya san sunansa yake nema. An ce kada malamai su riƙa ɗaukar yara saboda ba da tazara. Ban ga wadda ta iya bin wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ba duka yaran suka dawo ba. A cikin Hausawan unguwarmu akwai waɗanda suka tura iyali arewa lokacin kulle ba su dawo da su ba. Akwai 'yan acaba da dokar hana babur a wasu ƙananan hukumomi ta karya tun Fabrairun bara, kafin cutar ma ta zo. Wasu sun ce Islamiyya ta wadatar tukuna, tunda kuɗinta na mako ne kuma malam yana jira in babu. Makarantar bokon kuwa ta ƙara wani kuɗi a kan na zango, wai na tsafta.

Kada ki ce na kushe garin mutane, akwai inda suka burge ni. Kafin a bar makaranta ta buɗe, sai ta yi rajista ta intanet da ofishin kula da ingancin ilimi na jiha, an ba shugabanninta horo a kan matakan kariya. Ko ba a bi duka ba, kowace mai makaranta ta san akwai mai iya zuwa dubawa. Littattafan yara masu hotuna da fensir mai launi da allon roba kuma suna nan birjik, sun fi na kasuwar Maradi yawa da sauƙi. Ɗan shekara huɗu a nan ana sa ran ya fara haɗa baƙi. Ni dai ina ganin aikin gida da ake jibga musu ya yi yawa, amma iyaye shi suke so su gani, don su san kuɗinsu na aiki.

Idan ƙungiyar iyayenku ta tara wani abu, shawarata ku sa shi a bokitai masu famfo da sabulu da mai cika su, ku bar garkuwar fuska da bindigar goshi. Tunda an buɗe iyakokin Illela da Maigatari ranar 16 ga Disamban 2020, baban yara ya ce akwai direban albasa da zai koma ta Konni ƙarshen wata. Zan ba shi kwali ɗaya na littattafan hotuna da fensira na ajinki, da atamfar Inna. Littattafan da Turanci suke, amma hotunan sun isa, ki rubuta Faransancin a ƙasa. In zai juyo ki haɗo mini da kuka da daddawa, ta nan ba ta da ƙamshi.

A gaida Inna da kyau, a ce mata takwararki ta kai izu ɗaya saura kaɗan.

Ƙanwarki,
daga Agege