Kayan koyar da insha'in siffantawa: wanne ya kamata a fara saye?

Malamin da aka ba ɗan kuɗi ya sayo kayan koyar da insha'in siffantawa yakan nufi kantin littattafai kai tsaye, ko ya fara mafarkin majigi. Kafin a kashe ko kobo, a auna kowane kaya da tambaya ɗaya: zai raba ɗalibi da "yana da kyau" da "babba ne", ya sa shi faɗin launi, ƙamshi, kaushi da ƙara?

Littafin karatu ba a rasa shi, ko a shagunan Sabon Gari ko na Samaru a Zariya. A duba ya bi manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, sannan a buɗe babin insha'i a ƙirga misalan siffantawa cikakku. Wanda ya tsaya a ma'ana da jerin rabe-raben insha'i, ba misali ba aikin yi, haddar jarrabawa kawai zai bayar. A lura da jabu: tawada dishi-dishi, shafuka a birkice, wani lokaci ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ ta ɓace, yara su kwafi kuskuren. Kwafi biyu ko uku na malami sun isa a zangon farko.

Hotuna sun fi littafi motsa baki, amma ba kowane hoto ba. Fastocin da ake shigowa da su masu ƙanƙara da tuffa da gidajen Turai, ɗan Tudun Wada ba shi da kalmominsu, sai ya yi shiru ko ya yi ƙarya. Gara a buga na gida: Ƙofar Doka, dutsen Kufena, mahaya a hawan Daushe, mai shayi da safe. Girman A3, wato ninki biyu na takardar buga wasiƙa, a rufe da leda, don hannu sittin na iya kashe takarda a mako guda. Ajin mutum 60 yana buƙatar hoto goma, rukuni na mutum shida-shida. Hoto ɗaya a jikin allo na 'yan benci biyun gaba ne kawai. Aibin hoto shi ne ido kaɗai yake ciyarwa.

Nan ne kayan kasuwa suka yi zarra, kuma su ne mafi araha. Goro, tsamiya, daddawa, citta, kanwa, ƙyallen atamfa, guntun fatar jima, ƙwarya. Abu takwas a jaka ɗaya, jaka goma. A darasi na minti 40, a ba da minti 5 na taɓawa da shinshinawa, minti 10 na tara kalmomi a allo ƙarƙashin gani, ji, ƙamshi, ɗanɗano da taɓawa, minti 15 na rubuta jimla biyar, sauran kuma kowane rukuni ya karanta ba tare da ambaton sunan abin ba, aji ya canka. In an kasa cankawa, siffantawar ba ta yi ba, kuma yaron ya gane haka da kansa ba sai an ja masa jan biro ba. A nan kalmomi irin su fari fat, ja wur, baƙi ƙirin, tsami da bauri ke fitowa ba tare da an roƙe su ba. A guji garin barkono, ido zai shiga. Goro da ɗanyar citta suna bushewa, a sayo su ana gobe darasi. Daddawa kuwa a ƙulle ta daban, in ba haka ba duk jakar ita za ta yi wari.

Majigi ko talabijin yana da daɗin kallo, sai dai yana son wuta tsayayya, ɗaki mai duhu da ma'aji mai kwaɗo. Makarantar da ba ta da sola ko janareta ta bar shi sai gaba. Ko akwai shi, bidiyo kada ya wuce minti biyu, don ya fi jan yara zuwa ba da labari maimakon siffantawa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne littafin rubutu na insha'i kaɗai, mai falle 60, takarda mai kauri da biro ba ya ɓullowa ta baya. Shafin hagu na gwajin farko, na dama na gyararre. Idan kuɗin bai kai ba, a fara da wannan da jakunkunan kasuwa, hotuna su biyo a zango na biyu.