Hattara da mai tallar ƙananan kawunan jirgin ƙasa a Facebook

Jama'a, musamman mutanen Gusau da Ƙauran Namoda, akwai wani da ke tallar ƙananan jiragen ƙasa na ado a Facebook da WhatsApp, yana cewa gwanjon Ingila ne. Ni dai ya ci kuɗina, kuma har yau tallarsa na yawo.

Marigayi Baba ya yi aikin reluwe a layin nan da ya taso daga Zariya ya ƙare a Ƙaura, wanda aka kammala tun 1929. Cikin abin da ya bari akwai wani kwali: dogo mai zagaye, tarago huɗu, ƙaramar tiransifoma, da kan jirgi mai kwal ƙirar kamfanin Hornby na Ingila. Injin kan ya ƙone da daɗewa. Burina in sami wani mai sauƙin kuɗi, yara su ga abin da kakansu ya yi wa hidima yana tafiya ko da a tsakar ɗaki ne.

Waɗannan jirage ba a sayensu da ido. Namu ma'aunin OO ne, wato an rage jirgin gaske sau 76, faɗin dogonsa milimita 16.5, kuma ta dogon wuta ke shiga ƙafafun ƙarfe ta juya inji. HO, mai ragin sau 87, yana hawa wannan dogon, sai dai za ka gan shi ɗan tsurut a gaban taragon. N kuwa dogonsa milimita 9 ne, ba zai zauna ba ma. Su kuma tsofaffin jiragen kamfanin Märklin na Jamus ta tsakiyar dogo suke shan wuta, ba sa motsi a kan namu.

Na tambayi mai tallar, OO ne ko HO? Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk ɗaya ne, kowane dogo yana hawa." A nan ya kamata in ja da baya. Amma hoton ya yi kyau, kuɗin ya yi araha, kwaɗayi ya rufe mini ido. Na ce ya kira ni ta bidiyo in ga kan yana tafiya, ya ce kayan suna sito a Legas, yaronsa ne ke da makulli. Na tura naira dubu 25 kafin alƙalami, a asusun da sunansa daban da wanda yake amsawa. Bayan kwana biyu ya ce kuɗin kwastam. Gwanjon da ke sito a Legas, wane kwastam kuma? Haka na ƙara dubu 10, don kada na farkon ya tafi a banza.

Saƙo ya iso tasha, na biya direba nasa. A gaban shagon mai shayi na yage kwalin. Jirgin roba ne na yara, irin wanda ake zubawa a faranti ranar sallah, da gurbin batir biyu a ciki da 'yar jar fitila a goshi. Ƙafafunsa ma roba ne, ta ina wuta za ta shiga? Kafin in isa gida ya toshe lambata.

Ƙanena ya ɗauki hoton tallar ya bincika a Google, sai ga shi a wani tsohon shafin eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, har da labulen ɗakin mai shi. Na kai ƙorafi banki da takardar shaidar tura kuɗin, sun karɓa sun ce in jira.

Jiya na ga ya sauya suna ya sake ɗora hoton nan dai, wannan karon wai yana Birnin Kebbi. Duk wanda ya ci karo da shi, ya ce masa ya kifar da kan jirgin a bidiyo, ya nuna sunan kamfani a ƙasansa da ƙafafun ƙarfe, ya kuma rubuta kwanan watan ranar a takarda ya ajiye a gefe.