Ranar da na ce musu yarona lafiyarsa lau

Wasiƙar ta iso ne ranar wata Talata, cikin farin ambulan mai tambarin ƙaramar hukumarmu. Shafi biyu ce, amma layi huɗu ne suka tsaya mini a rai. Sun ce sun duba buƙatar da makaranta ta shigar ta a tantance yarona don a ga ko yana buƙatar taimako na musamman a karatu, ba su ga dalilin yin hakan ba, tunda mahaifiyarsa da kanta ta shaida cewa yana barci, yana cin abinci, yana wasa da yayarsa, ba ya ba da wata wahala a gida. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ko rigar sanyi ban cire ba. Babu sharrin da suka yi mini. Ni na faɗa da bakina, ni na cike takardar, na kuma sa hannu a ƙasa.

Alhali a lokacin yaron yana da shekara huɗu da rabi, kalmominsa ba su kai biyar ba. Ba ya barci sai ƙarfe biyu na dare, wani lokacin uku. Abu uku kaɗai yake yarda ya kai bakinsa. Idan aka kunna injin share kafet, ko na busar da hannu a banɗaki, sai ya toshe kunne ya zube ƙasa yana cizon bayan hannunsa har ya fitar da jini. Sau biyu yana fizge hannunsa daga nawa ya faɗa titi. Duk wannan ina sane da shi, amma da malamar ta tambaye ni yadda yake a gida, abin da ya fito daga bakina shi ne lafiya lau, mun gode Allah.

'Yan'uwa, kun san inda na samo wannan amsa. Mu idan aka ce ya mai jiki, "da sauƙi" ake cewa ko da ranga-ranga aka ɗauko shi, mai tambayar ma ya san gaisuwa ce. To a nan Ingila babu wanda ya san haka. Abin da ka faɗa a gaban malami ko likita shaida ce. Rubutawa za a yi, a sa a fayil, wani ma'aikaci da bai taɓa ganin ɗanka ba ya yanke hukunci da ita. Ga kuma tsoron da aka cusa mana tun muna sabbin zuwa, wai idan ka nuna ka gaza da yaro, ma'aikatan jin daɗin jama'a za su zo su ɗauke shi. Kunya da tsoro suka haɗu suka ɗaure mini baki, ni kuwa a ganina rufin asiri nake yi wa ɗana.

Kowace makarantar gwamnati a nan tana da malami guda da ke kula da harkar yara masu buƙata ta musamman, ana ce masa Senko. Tamu dattijuwa ce mai magana a hankali. Washegari na kai mata wasiƙar. Ta karanta, ta tura ƙofar ofis, ta tambaye ni ƙarfe nawa na kwanta jiya. Na ce uku. Ta ce shekaranjiya fa? Ban iya amsawa ba, kuka ya ƙwace mini a gaban matar da ban haɗa komai da ita ba. Sai da na yi mai isata sannan ta ce in koma gida in rubuta mata ranarsa mafi muni, daga farkawa har barci, kada in gyara komai. Shafi shida na rubuta a daren. Maigidan ya karanta ya yi shiru, can ya ce, "Ashe haka kike yini?"

Abin da muke nema takarda ce da ake kira EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa na yaro guda. Dokar yara da iyalai ta 2014 ce ta kawo ta, kuma tana iya bin mutum har shekara 25 in yana cikin karatu ko koyon sana'a. Kafin a kai gare ta, makaranta ce ke ɗaukar ƙarin taimakon daga kasafinta, har fam 6,000 a shekara kan yaro. Abin da ya haura nan, ƙaramar hukuma ce ke cikawa. Daga ranar da aka shigar da buƙata, hukuma na da mako 6 ta ce za ta tantance ko ba za ta yi ba, kuma aikin gaba ɗaya bai kamata ya wuce mako 20 ba. Uwa ko uba na iya rubuta buƙatar da kansu ba tare da jiran makaranta ba. Kuma ba sharaɗi ba ne sai likita ya raɗa wa lalurar suna. Wannan na biyun ya ci ni, don wata takwas na ɓata ina jiran takardar da za ta ce galahanga ce, wato otizim, kafin in yarda makaranta ta motsa.

Ga masu zaune da bizar aiki ko ta karatu irinmu, waɗanda aka rubuta musu cewa ba su da haƙƙin tallafin gwamnati, ku bambance abu biyu. Kuɗin tallafin da ake ba yara masu nakasa yana cikin abin da aka hana mu. Ilimin yaro kuwa ba ya ciki, kuma wannan takarda ta ilimi ce. Na haɗu da iyaye uku 'yan ƙasarmu da suka ƙi nema don tsoron kada ta ɓata musu takardun zama.

Da aka ƙi mu, na ɗauka magana ta ƙare, hukuma ta yanke. Senko ce ta nuna mini ƙasan wasiƙar, inda aka rubuta cewa ina da wata biyu in ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sauraron irin waɗannan shari'o'i. Ba a biyan ko sisi wurin shigar da ƙara, ba kuma dole sai da lauya ba. Sai dai ka fara tuntuɓar masu sulhu su ba ka takardar shaida. Akwai ofishin ba iyaye shawara kyauta a kowace ƙaramar hukuma, akwai kuma IPSEA, ƙungiyar agaji mai ba iyayen irin waɗannan yara shawarar doka, da ke da samfurin wasiƙu a intanet, da su na yi amfani. Na haɗa shafukana shida, da rahoton makaranta, da hotunan hannunsa. Ba a kai ga zama ba hukumar ta janye, ta ce za ta tantance.

Nan fa raina ya ɓaci fiye da ranar da aka ƙi mu. Yaron bai canza ba, dokar ba ta canza ba. Abin da ya canza kawai sun ga uwar ba za ta haƙura ba. Daga baya na ga alƙaluman gwamnati: cikin ƙararrakin da kotun ke yanke wa hukunci, sama da kashi 90 cikin 100 iyaye ne ke samun nasara, ko duka ko wani ɓangare. A 2024 kuma, ƙasa da rabin sabbin takardun ne suka fito cikin mako 20 ɗin da doka ta ce. Tamu mako 41 ta ɗauka, bayan ƙarar. Sau uku ana canza mana jami'in da ke riƙe da fayil, kowanne sai na ba shi labari daga farko. Ka buga waya, na'ura ce ke amsawa. Ka aika imel, sai amsa ta dawo cewa ya tafi hutu. Yara sama da 600,000 ne ke da wannan takarda a Ingila, na yarda aikin ya yi musu yawa, amma shekara guda a rayuwar yaron da bai fara magana ba, ba ƙaramar asara ba ce. Muna cikin jiran ne muka riƙa biyan mai koyar da magana ta kuɗi, fam 80 kowane zama, sau biyu a wata, iyakar ƙarfinmu ke nan.

Tarko na ƙarshe yana cikin rubutun takardar kanta. Sukan aiko da daftari, a ba ka kwana 15 ka yi gyara. An raba ta kashi-kashi da haruffa, kuma kashi na F shi ne zuciyarta, don abin da aka rubuta a nan dole ne hukuma ta samar. A daftarinmu an rubuta cewa yaron zai amfana da taimakon mai koyar da magana a kai a kai. Na ji daɗi, na kusa amincewa. Wata 'yar Somaliya da muke haɗuwa a ƙofar makaranta, wadda ta riga ni shiga wannan hanya da shekara huɗu, ta karɓa ta duba ta ce, a kai a kai ɗin sau nawa ne? Wa zai yi? Minti nawa? Idan suka zo sau ɗaya a zango, ai sun cika alƙawari. Muka zauna a ɗakin girkinta muka bi layi-layi. Wadda ta fito ƙarshe ta ce minti 30 kowane mako tare da ƙwararriya, da mataimakiyar malami da aka horar za ta maimaita darasin minti 15 kullum, da wani babba da zai kasance tare da shi lokacin tashi da cin abinci saboda gudun da yake yi.

Amma zan faɗi gaskiya, ranar da aikin ya fara na ga abin da ban taɓa gani ba. Mai koyar da maganar ba ta zaunar da shi ta ce ce kaza ba. Ƙasa ta zauna kusa da shi tana jera motoci yadda yake jerawa, har ya ɗago ya dube ta. Ta kawo ƙananan katuna masu hotuna, ta koya masa idan yana son ruwa ya miƙa hoton kofi. An manna masa jadawalin hotuna a bango, ya san abin da ke gaba da abin da ke biye, firgicin ya ragu. An ba shi marufin kunne don hayaniyar ɗakin taro. Mai horar da motsin jiki ta gano cewa rashin zamansa ba rashin ji ba ne, jikinsa ne ke neman motsi, ta ba da shawarar a bar shi ya yi tsalle na 'yan mintoci kafin darasi. Cizon hannun ya ragu sosai tunda ya samu hanyar cewa ba ya so. Wata rana na ga wata yarinya 'yar ajinsu ta ruga ta ɗauko masa marufin kunnensa da ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya aike ta.

Duk da haka akwai dararen da gida kawai nake so. A nan komai da takarda da lokaci, amma babu mai ƙwanƙwasa ƙofa ta ce kawo shi ki runtsa. Da ina gida, hannu goma ne za su karɓe shi kafin azahar. Sai dai na san abin da bakunan za su faɗa. Hajiyata har yau cewa take, "Ki ƙara haƙuri, kawunki ma sai da ya shekara biyar." Ita don ƙauna take faɗa. Wasu kuwa cewa za su yi iska ce, ko an yi masa baki, ko uwar ce ta sangarta shi. Nawa ne a cikinmu suka san gidan da ake tura irin wannan yaro ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo? Nawa ne makarantu suka koro da cewa yana damun aji? Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Amma doka ba ta shiga ɗakin da uwa ta rufe da kanta. Addu'a muna yi, ba mu fasa ba, kuma ba ta hana a koya wa yaro miƙa hoton kofi.

Ƙanwata ta ce akwai ɗan maƙwabciyarta mai shekara shida da ba ya magana. Na yanka mata katuna arba'in na rufe su da leda, na yi mata bidiyon yadda ake farawa, suna jiran mai tafiya.

Mu kuma a nan, ƙwararriyar tamu ta bar aiki tun farkon zangon nan, ba a kawo wata ba. Mako bakwai ke nan yaron bai samu mintinsa 30 ba, kuma cizon ya fara dawowa. Na rubuta wa hukuma na tuna mata kashi na F, na lissafa ranakun da aka rasa ɗaya bayan ɗaya, na nemi a rama masa su. Taron bitar takardar na shekara-shekara yana wata mai zuwa, kuma littafin da nake rubuta dararensa ya kusa cika.