Zotero: ta share wa 'yan kemistiri hawaye, 'yan shari'a kuwa sai sun yi gumi

Sana'ata buga kundin digiri da gyara masa zama, a wani ɗan shago a Samaru. Abin da ya fi cin ran ɗalibai a ƙarshen aiki shi ne jerin manazarta, shi ya sa duk wanda ya kawo mini kundi nake fara tambayarsa ko yana da Zotero. Manhaja ce ta kyauta, ta fito a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka. Tana adana duk maƙalar da ka karanta, sannan ta jera maka su cikin Word bisa tsarin da sashenku yake so.

A ɓangaren kemistiri yabo ne kawai a bakina. Wata ɗaliba mai digiri na biyu ta kawo aiki kan katalis (sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai) na Ziegler da Natta, haɗin titaniyom da alminiyom ɗin nan da ya sa ake sarrafa robar jarka da ta buhun shinkafa ba tare da matsanancin matsi ba. Shi ya ba mutanen biyu kyautar Nobel a 1963. Kusan kowace maƙala da ta ambata tana da lambar DOI, wato lambar shaidar da ake gano maƙala da ita a intanet. Ka kwafo lambar, ka danna alamar sandar nan da ke saman Zotero ka liƙa ta, sai ga sunayen marubuta, mujalla, shekara da shafi duk sun zauna. Tsarin ACS (na ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka) da take bi lamba yake ba kowane madogara gwargwadon inda ya fara fitowa a rubutu. To malaminta ya ce a ɗauke wani sakin layi daga babi na biyu a kai shi na ɗaya. Da hannu ake yi, da sai an sake lissafi tun daga farko har a yi sallar magariba ba a gama ba. Nan kuwa lambobin suka gyara kansu tana kallo.

Wani abin da ya burge ni, tun 2019 manhajar tana duba bayanan Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin maƙalun da aka janye. In mujalla ta janye wata maƙala da ke cikin ajiyarka, za ka ga jan gargaɗi a kanta kafin ka kafa hujja da ita. Sai dai sunayen sinadarai suna son ido. In take yana ɗauke da TiCl4, huɗun ba zai sauka ƙasa da kansa ba, sai ka kewaye shi da alamar HTML, irin wadda ake tsara rubutun shafukan intanet da ita, a cikin taken.

Masu nazarin haƙƙin ɗan Adam su ne nake gaya wa gaskiya tun kafin su saka rai. Tsarin OSCOLA, wanda 'yan shari'a ke bi wajen ambaton madogara, yana nan, yana kuma fitar da bayanan ƙasan shafi da kyau in littafi ne ko maƙala. Amma hukuncin kotu ba shi da DOI, da hannu za ka shigar. Ɗauki shari'ar Abacha da Fawehinmi, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2000 kan matsayin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam a dokokin Najeriya. Tana cikin NWLR, rahoton hukunce-hukuncen kotunan Najeriya na mako-mako, kashi na 660, kuma babu gurbin rubuta lambar kashi. Ni nakan cusa ta kusa da sunan rahoton, ya fita daidai, amma dabara ce tawa. Ita kanta yarjejeniyar, da aka amince da ita a Nairobi a 1981 ta fara aiki a 1986, sai ka aro mata gurbin doka. Wannan giɓin ne ya sa Frank Bennett, lokacin yana malamin shari'a a Nagoya ta Japan, ya ƙera reshen Zotero mai suna Juris-M don lauyoyi.

Batun kuɗi: ajiyar intanet ta kyauta megabait 300 ce, fayilolin PDF kuma nan da nan suke cinye ta. Ina ba ɗalibai shawarar su kashe tura fayiloli, su bar bayanan manazarta kaɗai suna tafiya, don wannan ba a biyan komai. Rubutu da saka madogara ba sa buƙatar data ko kaɗan. Sai dai wanda ya kashe turawar ya riƙa kwafe babban fayil ɗin Zotero a filas duk ƙarshen mako, domin in kwamfutar ta mutu takardun sun tafi da ita.