Kujerar ƙara wa masai tsawo bayan aikin ƙugu

Ina da shekara 27 aka canza min gaɓar ƙugun hagu. Ciwon sikila ne ya hana jini isa kan ƙashin cinyata har ya lalace. Kafin a sallame ni, likitan gashin ƙashi ya ja min kunne: makonni 6 na farko kada in lanƙwasa ƙugun ya wuce digiri 90, kada in harɗe ƙafafu, gudun kada gaɓar ta goce.

Sai da na koma gida na ga masai ɗinmu ya yi ƙasa da yawa. Yayata ce ta sayo wannan kujerar roba da ake ɗorawa a kai, mai ƙara santimita 10, da madafa biyu a gefe. Wallahi ranar da na miƙe ƙafar aikin gaba, na dafa, na tashi ban kira kowa ba, sai da na yi hawaye.

Tana da aibinta. Maƙallanta suna sassautawa, sai an riƙa ɗaure su duk bayan kwana biyu-uku, kuma wanke ƙasanta sai mai iya sunkuyo. A auna bakin masai kafin a saya, ba kowanne take hawa ba.