Allura ko ƙwaya ga zazzaɓin cizon sauro?

'Yar'uwa, kan maganar yaronki da kika ce ko a yi mashi allura ko a ba shi ƙwaya, ni dai in yana iya haɗiya kuma baya amayar da komi, ƙwaya za ki ɗauka. Amma a fara kai shi ƙaramin asibiti na CSI a yi mashi gwajin TDR, ɗan digon jini ne a yatsa, saboda ba kowane zafin jiki ba ne na sauro ko da damina ce.

Mu nan Maradi mun ɗauka allura ta fi ƙarfi, alhali hanya ce kawai ta bambanta. Allura tana kai magani cikin jini da sauri, ita kuma ƙwaya sai ta sauka ciki ta narke, hanji ya tsotse ta, ta bi ta hanta sannan ta shiga jini, to da zarar ta isa jinin aikin ɗaya ne, ƙwayar cutar da ke cikin jinin bata san ta ina maganin ya shigo ba.

Coartem, ƙwayar zazzaɓin da ake ba mu, magani 2 ne a haɗe, artemether da lumefantrine. Na farkon yana da saurin aiki amma cikin 'yan awoyi jiki ya fitar da shi, na biyun yana daɗewa kwanaki a jini yana kashe abin da ya rage, kamar noman farko da maimai. Shi ya sa ake sha sau 6 cikin kwana 3, sha na biyu bayan awa 8 da shan farko, sauran safe da dare. In kika tsaya a rana ta biyu don yaro ya tashi yana wasa, ciwon zai iya dawowa. Kuma yawan ƙwayar da nauyin yaro ake auna shi, ba da shekaru ba, daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1 kowane sha, daga 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, lumefantrine sai da maiƙo hanji ke tsotsarsa sosai. Bara da ɗiyata ta kwanta, ungozomar da ta duba ta ta ce in riƙa ba ta madara ko kunun gyaɗa kafin kowane sha, wallahi haka na yi, ina dama mata kunun da kaina ina lallashinta cokali-cokali, washegari da yamma sai ga ta zaune tana neman tuwo. Na cika mata kwana 3 ɗin duk da haka, kuma har damina ta wuce bata sake kwantawa ba, Alhamdulillahi. In yaro ya yi amai kafin awa 1 da sha, a sake ba shi, don maganin bai gama shiga ba.

Allura kam tana da ranarta, ba zan hana ta haƙƙinta ba. In yaro yana jijjiga, ko ya kasa sha da kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko barci ya yi mashi nauyi baya farkawa, wannan asibiti ne nan take, artesunate ake yi ta jijiya, kuma ko bayan ita sai an biyo da ƙwayar kwana 3.

Sai dai don Allah ki kiyayi masu yawo da magani a tire da masu allura a lungu. Allurar kinin a ɗuwawu in ta taɓa babbar jijiyar ƙafa yaro na iya ɗingishi har tsufansa, ga ƙurji, ga ciwon hanta in an maimaita sirinji. Maganin tiren nan kuma ya wuni a rana, alhali Coartem ba a son ya wuce zafin digiri 30, ke kin san zafin garin nan. Wani ma jabu ne, kwali mai kyau amma babu maganin a ciki, za su rantse maki daga waje aka kawo shi. Ki karɓi takarda daga likita ki tafi farmasi ta gaskiya, ki duba ranar lalacewa a jikin kwalin kafin ki biya. Allah ya ba shi lafiya.