HATTARA: mai tallar kyamara da lens ɗin makro a Facebook, masu ɗaukar hoton fure ku karanta

Salam jama'ar Sakkwato, musamman ku masu sha'awar ɗaukar hoton furanni da ƙwari. Akwai wani mutum da ke yawo cikin gurof-gurof na Facebook da WhatsApp yana tallar kyamara da lens wai 'yan Landan ne ba su sha aiki ba, don Allah a yi hattara da shi. Ba zan kama suna ba don sunan ma ba guda ba ne, yau wannan shafi gobe wancan, lambar waya na canzawa amma hotunan tallar su ne dai guda, Canon 600D a kan farin tebur da doguwar lens 100mm makro a gefe (makro ita ce lens ɗin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa-kusa), farashin kuma ko kuɗin lens ɗin kaɗai bai kai ba a wurin 'yan kasuwa na gaskiya.

Ɗiyar yayana ce ta faɗa hannunshi. Yarinya ce da Allah ya ɗora ma son fure, da wayarta take bi tana ɗaukar furen bado a bakin ruwan Kwalkwalawa, furen tumfafiya, furen kuɓewa, har furen albasa in an bar ta ta yi iri a fadama. Waya na yi mata iya ƙoƙari amma in ta matsa kusa sai hoton ya dushe, shi ne ta tara kuɗin adashinta don ta sayi abin ƙwarai. Mutumin akwai zaƙin baki, Hajiya kaza ranki ya daɗe kaza, har da cewa shi ma ɗan Arewa ne kasuwa ta kai shi Legas, ba zai cuci 'yar uwa ba. Ya ce ta tura rabi a sa kaya a mota, in direba ya iso tasha ta cika. Sunan da ya fito a akawun ɗin daban da sunan shafin, ta tambaya, ya ce na yaron shagonshi ne. Bayan ta tura sai ga kuɗin webil, sai ga kuɗin wai inshora saboda kayan gilashi ne, kafin kwali ya iso dai an tatse ta tas.

Kuma kwalin ya iso fa, nan ne wayon wanga mutum yake, ba irin masu gudu da kuɗi ba ne kai tsaye. Abin da munka tarar ciki Canon ce amma 1100D, ba 600D ba. Dukansu na 2011 ne, sai dai 1100D megafiksel 12 gare ta waccan 18, kuma sikirin ɗin 1100D a manne yake baya juyawa, alhali juyawar nan ce ta sa yarinyar ta zaɓi 600D, don mai ɗaukar furen da ke ƙasa in babu sikirin mai juyawa sai ya kwanta rub da ciki cikin taɓo. Lens ɗin kuma 18-55mm ce, wadda ake haɗo kyamarar da ita tun daga kamfani, da munka haska tocilan waya ta bayanta sai ga farin zare-zare kamar saƙar gizo a jikin gilashin ciki, funfuna ce ta ci ta. To ina makro ɗin? Wani ɗan ƙarfe ne mara nauyi a leda, an rubuta 0.43x wide angle macro a jiki, mai zare da ake murzawa a bakin lens. Ba ya da gindin da ke shiga kyamara, ba ya da 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinari da lens ke magana da kyamara ta cikinsu. Tarkacen da ake bada kyauta ne a cikin jaka. Ta kira shi ya ce Hajiya ai ga macro nan a rubuce ki duba da kyau, daga nan ya yi bulokin ɗinta.

Abin da nake so kowa ya riƙe, rubutun macro a jikin abu ba shi ne ba, lambar 1:1 za ka nema. Ma'ana in fure ya kai milimita 10, to milimita 10 ɗin zai zauna a kan sensa, wato ɗan faifan da ke kama hoto cikin kyamara. Lens ɗin da ke yin haka sanannu ne, Canon 100mm f/2.8 da EF-S 60mm, Nikon 40mm da 105mm da sunka rubuta ma Micro, Tamron 90mm, Sigma 105mm, kuma duk waɗannan ba sa zum, tsayi guda gare su. Akwai 70-300mm na Sigma da Tamron masu ɗan maɓallin macro, waɗannan 1:2 suke kaiwa, rabi kenan, ba laifi suna aiki amma kada a karɓi kuɗin 1:1 a hannunka a ba ka su. Gwajin ma ba wuya, rular 'yan makaranta ta isa. Ka ajiye ta a tebur, ka murza fokos, wato zoben da ke daidaita hoto ya fito tas, zuwa ƙarshen kusa, ka matsa har lambobin su fito rangaɗau sai ka ɗauka. Faɗin sensar ƙananan Canon ɗin nan milimita 22.3 ne, na Nikon kusan 23.5, saboda haka in makro ce ta gaskiya abin da zai cika hoton daga gefe zuwa gefe bai wuce santimita 2 da ɗan ɗori ba. In ka ga 4 da rabi 1:2 ce. In ka ga 6 ko 7 to malam lens ɗin da ake haɗo kyamara da ita ce ka ke riƙe da ita.

Ni a nawa ganin mai fara hoton fure bai ma buƙatar ya kashe kanshi kan 100mm tun farko, son a ce an mallaka ne ke kai mutane hannun irin waɗanga. Furen zoɓo, furen auduga, bado, duk manya ne 18-55mm mai lafiya na ɗaukarsu da kyau. In kana son shiga cikin ƙananan furen albasa ko furen dogonyaro, akwai zoben da ake sawa tsakanin kyamara da lens yana matso da fokos, babu gilashi cikinshi, arha gare shi, a nemi mai ƙarafan lantarki dai don a iya rage bakin lens, wato ƙofar da haske ke shiga. Amfanin doguwar makro shi ne tazara, 100mm za ta bar ka wajen santimita 15 daga fure, 40mm kuwa sai ka kusan taɓa shi, inuwarka ta rufe haske kuma zumar da ke kai ta tashi. Kuma ko wace ka saya, a 1:1 wurin da ke fitowa tas milimita 1 ko 2 ne, iskar hunturun nan namu na kaɗa reshe shikenan hoto ya tafi, shi ya sa masu abin ke fita da sassafe kafin iska da rana su taso. Babu ɗan talla da zai gaya maka wannan.

In za ka sayi ta hannu, a hannunka za ka gwada kafin ka biya, ko ka samu wani naka a Kano ko Legas ya je ya riƙe ta. Ka haska lens da tocila gaba da baya. Ka rage bakin lens zuwa f/22 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo, ƙura ana gogewa amma ƙarzuwa ba ta fita. Ka tambayi sau nawa shata ta buga, wato yawan hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ƙananan kyamarorin nan wajen 100,000 anka ƙiyasta masu, na Nikon a cikin bayanan hoton ma ana gani. Masu Nikon D3100 zuwa D3500 ku sani babu injin fokos a jikin kyamarar, tsohuwar lens mai alamar AF-D za ta shiga amma da hannu za ku riƙa murzawa, AF-S ce ke yi da kanta. Memorin da anka ce kyauta ne shi ma a cika shi da hotuna a gani, na yarinyar nan 128GB anka rubuta, bai je ko'ina ba hotuna sunka fara ƙin buɗewa.

In kuwa dole daga nesa ne, ka ce ya kira ka bidiyo, ya rubuta kwanan wata da sunanka a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya nuna siriyal lamba na kyamara da na lens, ya ɗauki rula a gabanka. Wanga mutum da anka nemi haka tun farko cewa ya yi netiwok ba kyau a shago, kullum netiwok, amma alat na shigar mashi lafiya lau.

Mun kai ƙorafi banki da risit da sikirinshot na hirar duka, kuma EFCC na da ofis a nan Sakkwato, can munka nufa. Na san ba ita kaɗai ba ce don na ga wasu 'yan garin nan suna tambayar farashi ƙarƙashin tallar. Duk wanda ya tura mashi kuɗi, ko kaya sun zo ko ba su zo ba, kada ya goge hirar kada ya yar da kwalin da takardar webil, ya yi man magana ta inbos mu haɗa takardun wuri guda mu kai tare.